Darakta da Gwangwanin Haya

Horon koyon kasuwancin na rabin yini ne. An fara da ƙarfe tara, aka tashi kafin azahar, kuma a cikin sa'o'in nan mai gidan burodi ya yi gyangyaɗin awa guda cur, baki a buɗe. Amma da ya dawo layinsu da takardar shaida a hammata da wata jakar roba da aka raba musu kyauta, sai ka rantse shekara bakwai ya yi a jami'a. Mai walda, wanda rumfarsa ke kallon gidan burodin, ya ɗaga baƙin gilashinsa ya ce, "Sannu da dawowa, mai burodi."

Ya tsaya cak. "Mai burodi shi ne wanda ke yawo da shi a ka. Daga yau Darakta za ka ce."

"Daraktan me?"

"Daraktan harkokin kuɗi da tsare-tsare."

"To, Allah ya sanya alheri. Jiya dai na hango ka kana kankare tire."

Kafin la'asar sunan ya zagaye layin, ya zauna daram, har masu gaishe shi suna ɗan rusunawa don su ji daɗin dariyar da za su yi in ya wuce.

Gidan burodin ba wani babba ba ne: kanta a gaba, ɗakin kwaɓi a baya, sai tanderun bulo da aka gina a jikin bango. Shekara uku shi da uwargidansa suka yi suna tara kuɗin tanderun nan, kuma ba abin da za a ɗauka a sa a mota ba ne. In an tashe su, nan za su bar shi. Ginin kuwa na Malama ne, tsohuwar malamar lissafi da ta yi ritaya, wadda ta koyar da rabin mutanen layin har da shi Daraktan. Hayarta dubu ɗari uku duk wata shida, ranar ƙarshen wata, kuma ba ta san wani abu wai shi gobe ba. Ga wani mai sayar da wayoyi da ya daɗe yana zuwa gaishe ta, yana gaisuwa yana auna faɗin shagon da ido.

Shekara goma sha ɗaya ke nan haya ba ta taɓa makara ba, kuma dalilin yana jere a kan kanta ta can sama: gwangwanayen madara guda biyar. Uwargida ta manna wa kowanne takarda. Fulawa. Itace. Albashi. Cefane. Haya. Kullum da yamma sai ta zazzage cinikin ranar a kan tire ta raba wa kowane gwangwani rabonsa. Huɗu daga ciki murfinsu na buɗewa. Na hayar kuwa ta kai wa mai walda ya liƙe shi ruf, ya bar 'yar tsaga da kuɗi zai shiga, don ta san da wa take zaune.

Kwana biyu bayan horon aka bugo waya cewa 'yarsu da ke aure a wani gari ta haihu. Uwargida ta haɗa kayanta, za ta yi mako shida. Tana ɗaure jaka tana yi masa bita.

"Malam, akwai dubu ɗari biyu da arba'in a na haya. Dubu goma za ka riƙa sakawa duk mako. Ranar da zan dawo ya cika ɗari uku, ranar ce kuma ƙarshen wata. Ka ji?"

"Ke kina magana da mutumin da ke da takardar shaida."

"Na ga takardar. Ni dai kada ka taɓa min gwangwanaye."

"Wannan tsarin naki ai na mutanen da ne. An gaya mana, kuɗin da ke kwance malalaci ne. Kuɗi sai ya gudana."

"In ya gudana ya nufi ina?"

"Ba za ki gane ba."

Ta juya wajen Kawu, ƙanin mahaifiyarta, wanda ke yi musu kwaɓi tun ranar da aka kunna tanderun. "Kawu, ka sa min ido."

Kawu ya ɗago hannuwansa da suka nutse a kwaɓi har gwiwar hannu. "Ido zan sa. Hannu dai kin ga inda yake."

Motar da ta ɗauke ta ba ta gama shan kwana ba Darakta ya hau benci ya sauko da gwangwanin fulawa. Ya lissafa, dubu arba'in. Kafin azahar sai ga shi ya dawo da kujera mai juyawa a bayan a-kori-kura, da farin allo, da kwat mai ruwan toka. Ya ajiye kujerar a ɗakin kwaɓi, taku uku daga bakin tanderu, ya zauna cikin kwat ɗin yana juyawa, gumi na bin ƙeyarsa.

"Kuɗin fulawar ne wannan?" in ji Kawu.

"Ba cinyewa na yi ba, Kawu, aro na yi. Kuma komai a rubuce." Ya yago takarda ya rubuta cewa gwangwanin fulawa yana bin Darakta dubu arba'in, ya sa hannu, ya ninke, ya jefa a ciki. "Ka gani? Bai rasa ko sisi ba."

Ranar Litinin dillalin fulawa ya zo da buhuna shida, kuma shi mutum ne da ba ya sauke buhu sai ya ga kuɗi. Darakta ko a jikinsa. Ya buɗe gwangwanin itace, ya biya, ya jefa wa na itacen takarda. Nan ne wata dabara ta faɗo masa, har ya miƙe daga kujera. Ai ba daidai ba ne gwangwani ya ba ɗan'uwansa aro ya tashi a banza. Sai ya ƙara a ƙasa: da tukuicin dubu huɗu.

"Kawu, zo ka ga ikon ilimi. Da safe dubu arba'in ke cikin nan. Yanzu arba'in da huɗu."

Kawu ya leƙa. "Ni takarda nake gani."

"Takardar dubu arba'in da huɗu."

"Wa zai biya huɗun?"

"Gwangwanin fulawa."

"Shi kuma a ina zai samo?"

"Kawu, koma kan kwaɓinka."

Daga nan abu ya kankama. Mai itace ya zo, aka ara daga albashi. Ranar albashi ta zo, aka ara daga cefane. Ba a jima ba kowane gwangwani ya ara daga kowane, gaba da baya. Kowane aro da tukuicinsa, kowane tukuici kuma sai ya hau farin allo a matsayin riba. Dubu goman haya ma bai fasa ba, don shi mutum ne mai cika alkawari: duk mako yakan rubuta cewa haya ta aro dubu goma daga cefane, ya tura takardar ta tsagar. A mako guda layin ribar da ya zana ya kai ƙarshen allo, ya ci gaba da shi a jikin bango.

A mako na biyu ya sa kwat ya nufi wani otal da ke bakin babban titi, ya dawo yana tafiya kamar ƙasa ba ta isa ta ɗauke shi ba. Kwangila ya samo: burodi ɗari uku kullum, biya bayan kwana sittin. Tanderun kuwa ɗari uku da hamsin yake iya gasawa a yini.

Washegari da sassafe masu shayi da masu kanti suka zo kamar kullum, kowa da kuɗinsa a hannu. Waɗannan su ne cinikin da uwargida ke zazzagewa a tire. Darakta ya tare ƙofa.

"Daga yau mun daina cinikin tsinta-tsinta. Da manyan kamfanoni muke hulɗa."

Wani mai shayi ya ce, "Darakta, shekara tara ina saye a nan. Kuɗina ne ba ya kashewa?"

"Kuɗinka ƙanana ne, suna ɓata min allo."

Suka tafi suna waiwaye. Daga ranar tiren yamma ya zama na 'yan canji, burodi kuwa yana fita ɗari uku-uku a bayan motar otal. Duk wanda ya fita Darakta ya rubuta a allo. Allon bai taɓa yin kyau irin na lokacin ba.

Fulawa dai ba ta karanta allo. Litinin ta zagayo, dillali ya tsaya da buhuna goma sha biyu a mota, gwangwanaye huɗu kuma babu komai cikinsu sai takardu. Darakta ya ɗaga kai ya dubi na biyar. Ya naɗe shi a cikin kwat, ya tsallaka titi.

Mai walda ya juya gwangwanin a hannu. "Wannan ai aikina ne. Uwargida ta ce ko gobara aka yi kada in buɗe sai tana tsaye."

"Ni ne mijinta."

"Ta ambace ka musamman."

"Kai ka san abin da ake kira jari mai barci?"

"A'a. Na dai san miji mai neman kwana a waje."

"Zan biya ka ninki biyu."

"Da kuɗi ko da irin takardun da Kawu ke ba mu labari?"

Da ƙyar da rantse-rantse, da alkawarin burodi kyauta na wata guda, mai walda ya yanke murfin. Amma sai da ya kira mai gyaran babur da mai aski su zama shaidu cewa tilasta shi aka yi, don haka kafin Darakta ya tsallako titi layin duka ya san an fasa gwangwanin haya. Dubu ɗari biyu da arba'in suka koma na fulawa, daga can suka gudana, wani wajen dillali, wani wajen mai itace, wani kuma wajen mai fenti da ya rubuta sabon allon ƙofa mai ɗauke da kalmar "Kamfani". Takarda ta maye gurbinsu, da tukuicinta mai tsoka.

Da yamma uwargida ta bugo waya.

"Malam, ya gwangwanayena?"

"Cike suke. Wallahi na itace har murfinsa ba ya rufuwa."

"Na haya fa?"

"Shi ne ma ya fi kowa samun ci gaba."

Ta ce, "Ba ni Kawu."

"Hannunsa na cikin kwaɓi," in ji Darakta, ya kashe wayar.

Kuɗin hayar kuwa, mako biyu suka yi suka ƙare. A mako na biyar dillali ya ba da buhu huɗu bashi, yana cewa albarkacin uwargida ne, ba albarkacin kwat ba. Mai itace ya daina zuwa. Aka ƙona tsohon benci, aka ƙona katakon da ake jera buhuna a kai, aka fara kallon ƙofar bayan gida. Burodi ya riƙa fitowa fari fat, cikinsa danƙo. Darakta ya ce a rage girmansa, ya kira shi sabon samfuri. Mai karɓar kaya a otal ya ɗaga ɗaya da yatsu biyu ya tambaya ko na ba wa jarirai ne.

Ranar albashi Kawu ya wanke hannu ya miƙa. Darakta ya ɗora masa takarda.

"Mene ne wannan?"

"Albashinka, har da ƙarin kashi goma. Wa ya taɓa yi maka ƙari a gidan nan?"

Kawu ya sa takalminsa. Ya ɗauki takardar ya je kantin kusa, ya sa aka auna masa shinkafa da mai, ya miƙa ta, ya tsaya jiran canji. Mai kanti ya karanta da ƙarfi, ya sake karantawa don waɗanda ba su ji ba, sannan ya manna ta a bango kusa da kalanda. Har daga layin baya aka riƙa zuwa kallo.

Saura mako guda wata ya ƙare, Darakta ya ga mai sayar da wayoyi ya zo da tef yana auna ƙofar shagon a fili, ba kunya. A nan ne ya tuna ranar haya ta matso. Ya garzaya otal ko za a ba shi wani abu daga cikin kuɗinsa, akantan otal ɗin ya ce masa kwana sittin kwana sittin ne, ya rufe taga kafin ya gama gyara kwat. A hanyar dawowa tsoro ya kama shi sosai. Amma kafin ya iso layin tsoron ya rikiɗe ya zama sabuwar dabara, don shi kansa ba ya zama babu dabara.

Lacca zai yi. Ya rubuta a allo: mutum ɗari da hamsin, kowa dubu biyu, dubu ɗari uku cif. Kuɗin haya ke nan a yini ɗaya. Ya sa aka buga takardu, "Sirrin Juya Kuɗi, daga bakin Darakta", ranar ƙarshen wata da ƙarfe goma a ƙofar kamfani. Ya karɓo hayar kujeru ɗari da hamsin da lasifika, duka bashi.

Ranar ta zo. Mutum talatin da ɗaya suka zauna, kuma babu wanda ya biya. Dillalin fulawa ya ce a cire dubu biyun daga bashinsa. Mai itace ya ce haka, mai fenti ya ce haka, mai walda ya ce a cire daga burodin wata gudan da bai ga ko ɓawonsa ba. Waɗanda ba sa bin sa komai kuwa suka tsaya a tsallaken titi, tunda lasifikar tana kaiwa har can kyauta.

Darakta ya sa aka fito da kujera mai juyawa da allo da gwangwanaye biyar, aka jera a kan tebur. Ya hura lasifika.

"Jama'a, mako shida da suka wuce, dukiyar kamfanin nan ba ta kai dubu ɗari huɗu ba. Yau," ya buga allo da sanda, "miliyan biyu da dubu ɗari ɗaya. Ban ci bashin banki ba. Ban yi sata ba."

"Ka dai ci nawa," in ji dillali.

"Tambayoyi sai ƙarshe."

Yana cikin bayanin yadda gwangwani ke taimakon gwangwani sai mutane suka fara darewa. Malama ce, da sandarta da tabaranta da littafin rasit. A bayanta mai sayar da wayoyi, da sabon kwaɗo a hannu. A bayansu kuma, ɗauke da jakar tafiya, ko gida ba ta shiga ba, uwargida. Ta dubi allon ƙofa, ta dubi kujerun haya, ta dubi gwangwanin da aka yanke wa murfi. Ta ajiye jakar a hankali ta zauna a kujerar gaba.

Malama ta ce, "Ci gaba, ɗan nan. Na ji ana maganar miliyan biyu, ni ɗari uku kawai ta kawo ni."

"Malama, kuɗinki na nan, har sun haihu."

"Madalla. Miƙo."

Ya tura mata gwangwanin haya. Ta kife shi a tebur, takardu suka zubo. Ta gyara tabarau, ta karɓe lasifikar daga hannunsa kamar yadda take karɓe abin wasa a aji.

"Gwangwanin haya yana bin gwangwanin fulawa dubu ɗari biyu da arba'in, da tukuici. To. A ba ni na fulawa."

Ta kife shi. "Fulawa tana bin itace. A ba ni itace." Ta kife. "Itace yana bin albashi."

Masu tsallaken titi suka fara tsallakowa.

"Albashi yana bin cefane." Ta kife na ƙarshe, ta tona, ta ɗago ɗaya. "Cefane yana bin gwangwanin haya." Ta sauke tabarau ta dube shi. "Mun dawo inda muka tashi. Ina kuɗin?"

"Malama, ai shi ne gudanar. Suna zagayawa."

"Na ga zagayen. Na ce ina kuɗin?"

Kawu ya amsa daga bakin ƙofa, "Wasu dai ga su nan, a kansu yake juyawa."

Dariya ta ɓarke har mai aski ya zauna a ƙasa. Darakta ya ɗaga hannu. "Ku saurara! Otal na riƙe da kuɗina, sama da miliyan ɗaya. Saura kwana ashirin da biyar su biya. Ga shaida!" Ya zaro wata doguwar takarda daga tarin na fulawa, mai tambari, ya ɗaga ta sama kowa ya gani.

Malama ta karɓa ta karanta har ƙasa, inda rubutun ya yi ƙanana. Ta daɗe tana kallonsa.

"Wannan takardar neman biya ce. Me take yi a gwangwani?"

"Dukiya ce, Malama. A ma'ajiya ake ajiye dukiya."

"An rubuta a nan, za a biya bayan kwana sittin daga ranar da ka miƙa wa akanta wannan takardar. Ka miƙa?"

Darakta ya dubi gwangwanin fulawa, inda ta kwana tun ranar da aka ba shi ita.

"Wato ko kwana ɗaya ba a fara ƙirgawa ba," in ji Malama, kuma lasifikar ta kai maganar har layin baya. "Tun kana aji uku haka kake. In ka aro ɗaya a lissafin ɗebewa, ba ka taɓa tuna mayar da shi."

Nan wuri ya hargitse. Mai kujeru ya ce a tashi, ya fara kwashe kayansa mutane na kai. Mai lasifika ya zare wayarsa. Dillali ya ce shi dai ba zai koma hannu rabbana ba, ya kama bayan kujera mai juyawa ya fara turawa da Daraktan a kai, sai da tayar ta faɗa kwata ya tuntsuro, kwat ya tsage daga hammata har ƙugu. Mai sayar da wayoyi ya matso yana buɗe kwaɗonsa.

Malama ta ce, "Yau ƙarshen wata. Ina nan zaune har magariba, bayan nan ban san kowa ba."

Sai a lokacin uwargida ta miƙe. Ba ta ɗaga murya ba, ko kallon mijinta ba ta yi ba. Ta ce wa dillali ya sayi kujerar a bakin bashinsa, ya yarda. Ta yi gwanjon farin allo da sabon allon ƙofa a nan take, mai wayoyin da kansa ya saya don ya ga suna da kyau, bai lura da inda kuɗinsa za su tafi ba. Ta aiki Kawu ya kira masu shayi da masu kanti, ta ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya da bakinta, ta ce duk wanda ya biya kuɗin burodin wata guda yau za ta yi masa ragi. Suka biya, saboda ita ce. Aka tara a tire, Malama ta ƙirga: dubu ɗari da casa'in.

Uwargida ta tsaya tana kallon tiren. Sannan ta kai hannu kunnenta. 'Yan kunnen zinare ne, kuma duk layin an san tarihinsu: ragowar canjin da ba ya rabuwa biyar, shi ta riƙa tarawa a ƙullin zane shekara goma kafin ta saye su. Ta cire ɗaya, ta cire ɗayan, ta ba mai walda ta ce ya kai wa maƙerin zinare ya dawo da abin da aka ba shi.

Babu wanda ya yi dariya a wannan karon. Darakta na zaune a bakin kwata da tsagaggen kwat, ya ga kunnuwan nan babu komai, ya ji kunyar da bai taɓa jin irinta ba tunda aka haife shi. Da ƙasa za ta tsage da ya gode mata.

Kafin la'asar Malama ta rubuta rasit. Mai wayoyi ya tafi da kwaɗonsa da alluna biyu da ba shi da inda zai kafa. Mai walda ya dawo da kayan aikinsa ya liƙe gwangwanin haya, uwargida ta ce ya liƙe sauran huɗun ma, ita ta san yadda za ta yi. Darakta kuwa aka ba shi takardar neman biya, ya taka da ƙafa har otal ya miƙa, don babu kuɗin mota.

Ya dawo gab da magariba, ƙafa ta yi futu-futu, tun safe bai sa komai a cikinsa ba. Ya tarar an share tsakar gida, an shimfiɗa masa tabarma, ga ruwan wanke hannu, ga kwanonsa na kullum a rufe. Zuciyarsa ta yi sanyi. Ashe dai matar nan ta huce. Ya wanke hannu, ya gyara zama, ya yi bismillah, ya ɗaga murfi.

Takarda ce a ninke a tsakiyar kwanon, da rubutunta mai kyau.

"Kwanon Malam yana bin tukunya abincin dare, da tukuicin nama biyu. Tukunya tana bin gwangwanin cefane. Gwangwanin cefane yana bin Darakta."

Ya karanta sau biyu. Ya leƙa ƙarƙashin takardar. Daga ɗaki uwargida ta ɗaga murya.

"Malam, ya ishe ka, ko in ƙaro?"